Daga Gombe zuwa Maraɗi ko Kamaru a jirgin ƙasa: yana yiwuwa?

Tambaya: Baba, ni ɗan kasuwa ne a nan Gombe. Nakan je Maraɗi saro kaya, kuma ƙanena ya koma Yawunde da zama, ina son in kai masa ziyara. Hanyar mota ta ishe ni, ga shingaye ga tsadar kuɗin mota. Ana ta maganar jirgin Kano zuwa Maraɗi. Da yake ka yi aikin reluwe, ina so ka gaya mini: akwai jirgin ƙasan da mutum zai hau a Najeriya ya sauka a wata ƙasa? In babu, me ya hana?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Babu. Tun da jirgi ya fara tafiya tsakanin Legas da Ibadan a 1901, babu jirgin Najeriya ko ɗaya da ya taɓa ƙetare iyaka ɗauke da fasinja, ba ta Nijar ba, ba ta Kamaru ba, ba ta Benin ba, balle Cadi wadda ko taku ɗaya na dogo babu a cikinta. Amma akwai wani ɓangare na tafiyarka ta Yawunde da za ka iya yi a jirgi, zan zo kansa. Bari in fara da abin da ya hana, don shi ne zai nuna maka abin da za ka sa rai da shi da wanda ba za ka sa ba.

Turawan da suka shimfiɗa dogo a wannan yanki ba don sada zumunci suka yi ba. Kowane layi kamar guga ne da aka zura a rijiya: aikinsa ya ɗebo ya fitar waje, ba ruwansa da haɗa wannan rijiyar da waccan. Ingilishi ya ja nasa daga bakin teku zuwa inda kaya suke. Jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu suka fara gangarawa Legas. Na Fatakwal ya kai Inugu a 1916 saboda kwal. An yi wani ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Ƙauran Namoda ta samu nata a 1929, Nguru a 1930. Ka duba taswira ka ga waɗannan biyun na ƙarshe: duk sun doshi Nijar, duk sun tsaya kafin iyaka. Ba ƙarfe ne ya ƙare ba. Daga can gaba ƙasar Faransa ce, shi kuwa Bafaranshe ba ya son gyaɗarsa ta bi ta tashar ruwan Ingilishi. Shi ya sa a shekarun 1950 ya tsara a riƙa loda gyaɗar Nijar a manyan motoci a kai ta Paraku a ƙasar Benin ta yau, inda dogonsa ya tsaya tun 1936, daga nan jirgi ya kai ta Kwatano, duk da cewa Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba.

Namu na nan shi ne autan tsofaffin layuka. An fara shi a 1958 daga Kuru, kusa da Jos, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rance na farko da bankin ya ba Najeriya. Ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, ya bi ta Bajoga da Buni ya kai Maiduguri a 1964. Auduga da gyaɗa da shanu aka yi shi dominsu. Unguwar BCGA da ka sani a Gombe, sunan kamfanin audugar Turawa ne ta gada, kuma da jirgi ya zo sai dilolin auduga suka samu hanyar fita. A Bauchi aka ajiye hedikwatar shiyyar arewa maso gabas ta hukumar jiragen ƙasa. Shi ma wannan layin da ya kai Maiduguri sai ya ja birki, alhali Injamena na nan gaba kaɗan.

Abin da kan tsaya mini a rai game da wannan layi shi ne Sudan. Kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa sukan ratsa Cadi a ƙafa ko a jaki ko a bayan babbar mota, sai sun shiga Sudan sannan su samu jirgin da zai kai su Bur Sudan su hau na ruwa zuwa Jidda. Dogon Sudan ya kai Niyala a Darfur a 1959, namu ya kai Maiduguri shekara biyar bayan haka, kuma faɗinsu ɗaya ne cif, don duk Ingilishi ne ya auna. Tsakaninsu fiye da kilomita 1,200 ne, yawanci shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Da an cike wannan giɓin, da taragon da aka loda a Gombe zai iya zuwa bakin Bahar Maliya ba tare da an taɓa ƙafarsa ba. Ba a cike ba.

Na ambaci faɗi, to a nan ne ƙarfe da kansa yake hanawa. Faɗin layi shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu, ana aunawa daga cikin wannan zuwa cikin wancan. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da inci shida. Na Kamaru da Benin da Burkina Faso da Kodebuwa milimita 1,000 ne, mita ɗaya daidai. Bambancin milimita 67 ne kacal. Haɗa yatsunka huɗu ka duba, kusan iyakarsa ke nan. Mutane sukan yi dariya in na faɗi haka, su ce wannan ɗan abin ne zai hana jirgi wucewa? In ka samu dama ka je tashar Gombe ka durƙusa gaban ɗaya daga tsofaffin taragun nan da ke ajiye, ka kalli ƙafar da kyau. Za ka ga tana da leɓe ta ciki wanda yake sauka ƙasa da kan dogo, shi ne yake riƙe jirgi kada ya zame. Za ka kuma ga ƙafafun biyu a manne suke da sandar ƙarfe guda, an matse su da injin, ba sa matsawa ciki ko waje, tare suke juyawa. Wasan da aka bari tsakanin leɓen da dogo bai fi kaurin ɗan yatsa ba. Ka ɗora wannan ƙafar a layin Kamaru, leɓen zai hau kan ƙarfe maimakon ya zauna a cikinsa, ko tafiyar taku goma ba za a yi ba jirgi ya sauka.

Akwai dabarun da duniya take bi. Mafi sauƙi, kowa ya sauka da kayansa ya tsallaka dandamali ya hau wani jirgin. Ga fasinja wannan ba komai ba ne, amma ga buhu dubu na siminti ko shanu tarago goma, kuɗin dako da ɓarna da jira suna cinye ribar. Wata dabarar ita ce ta kan iyakar Sin da Mongoliya, inda faɗin Sin yake 1,435 na Mongoliya 1,520: a shigar da jirgi wata babbar rumfa, a ɗaga kowane tarago sama da jak, a janye ƙafafunsa a turo wasu a ƙarƙashi, a sauke. Awowi ake ɗauka. Ta uku ita ce a ƙara dogo na uku a gefe, ƙaramin jirgi ya bi biyu, babba ya bi biyu, ɗaya suna tarayya. Wannan tana yiwuwa tsakanin 1,067 da 1,435 don akwai fili. Tsakanin namu da na maƙwabtanmu kuwa ba ta yiwuwa, tazarar ta yi ƙanƙanta har babu inda ƙarfe na uku zai zauna ya bar wa leɓen ƙafa hanya, sai dai a shimfiɗa huɗu. Ka ga kusancin ma shi ya ƙara dagula abin. Bayan faɗi kuma akwai maƙalar da ke haɗa tarago da tarago, da irin birki, da siginar hanya, kowace ƙasa da abin da ta gada.

Sai dai in na bar ka a nan na yaudare ka, don ba a nan gizo yake saƙar ba. Faɗi matsalar injiniya ce, kuɗi yana maganinta. Dubi ƙasashen da faɗinsu ɗaya ne. Layin Dakar zuwa Bamako an gama shi tun 1924, babu sauyin ƙafa, amma shekaru da yawa ke nan jirgin fasinja bai haɗa biranen biyu ba, layin ya lalace don ba a kula da shi. Na Abijan zuwa Wagadugu, wanda ya kai can a 1954, shi ne aka daɗe ana misali da shi a Afirka ta Yamma, kilomita fiye da 1,100, mutum ya hau a wata ƙasa ya sauka a wata. Da annobar korona ta zo a 2020 aka dakatar da fasinja, na kaya kuwa bai tsaya ba. Wannan layin ma asalin niyyar Bafaranshe ya kai shi Yamai ne, bai kai ba. A Nijar ɗin kanta, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, aka yi bikin buɗewa, da nufin a haɗe da Paraku. Rigimar kwangila ta kai kotu a Benin, aikin ya tsaya, kuma layin bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba.

Abin da na fahimta a aikin nan shi ne kaya ne suke riƙe layin dogo, ba mutane ba. Kuɗin tikiti ba ya biyan gyaran gada da sauya katakon ƙarƙashin dogo da albashin masu bin layi. Inda ka ga jirgi yana ƙetare iyaka kuma ya ɗore, duba da kyau za ka tarar wata ƙasa ce marar teku take neman hanyar fitar da kayanta, fasinja kuma ya raɓu. Haka Habasha da Jibuti: sabon layinsu mai amfani da lantarki, kimanin kilomita 750, ya fara aiki a 2018, don kusan duk abin da Habasha take shigowa da shi ta tashar ruwan Jibuti yake bi. Haka Tanzaniya da Zambiya: Sin ta gina musu kilomita 1,860 daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi a shekarun 1970 don tagullar Zambiya ta samu mafita, kuma faɗinsa irin namu ne. A wannan layin jami'an shige da fice ne suke hawowa cikin jirgi a kan iyaka, su bi tarago tarago suna buga hatimi, kana zaune a kujerarka. Tsakanin Landan da Faris kuwa, ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin teku aka buɗe a 1994, tun a tashar Landan 'yan sandan Faransa suke duba fasfo kafin ka hau, in ka isa sai ka fice abinka. Duk waɗannan sai da gwamnatoci biyu suka zauna suka rattaba hannu: wa zai duba kaya, a ina, direban wace ƙasa zai ja jirgi daga ina zuwa ina, yaya za a raba kuɗi, in an yi haɗari wa zai biya.

To, mu zo kan na Maraɗi. Aikin gaske ne, ba labarin kanzon kurege ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke da kwangilar, kuɗin ya kusa dala biliyan 2. Tsawonsa kilomita 284, daga Kano ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Mafi yawansa a cikin Najeriya yake, abin da ya shiga Nijar kaɗan ne. Faɗinsa 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021. In an gama shi ya fara aiki, shi ne zai zama na farko da ya fita daga ƙasar nan. Ni ina cikin masu ganin yana da amfani, don Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja layin iyaka. Amma ribarsa ta gaskiya sai ranar da kwantena za ta taso daga Apapa ta isa Maraɗi a kan ƙafa ɗaya, kuma wannan yana jiran a gama Kaduna zuwa Kano, a kuma cike tsakanin Ibadan da Abuja. A ɓangaren Nijar ma da sauran rina a kaba: daga Maraɗi zuwa Doso fiye da kilomita 500 ne babu dogo, kuma na Doso mita ɗaya ne, ba zai haɗu da wannan kai tsaye ba.

Ga kuma siyasa, wadda kai ka fi ni saninta don a aljihunka ta taɓa ka. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Mai mota in an rufe iyakar Magama da ke Jibiya yakan san wata hanyar, jirgi kuwa hanyarsa ɗaya ce, in an sa mata kwaɗo shi ke nan.

Yanzu abin da ya shafe mu mutanen Gombe da Bauchi, wanda ba a cika faɗa ba. Ko gobe aka buɗe na Maraɗi, ba daga tasharmu za ka hau ba. A Maris na 2021 an ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, kilomita 1,443, amma a kan tsohon faɗinsa na 1,067 za a gyara shi, kuma ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ne aka fara buɗewa a 2024. Wato matsalar da Turawa biyu suka bar mana a kan iyaka, yanzu mun shigo da ita cikin gida: sababbin layukan yammaci da tsakiya a kan babban faɗi, gabas a kan ƙarami. Na san dalilin, gyaran tsoho ya fi gina sabo araha ƙwarai, kuma ƙaramin faɗi in an kula da shi yana ɗaukar kaya masu nauyi, Afirka ta Kudu da shi take fitar da kwal da tama. Duk da haka a ganina an ƙware mu. Sannan ko layin namu yana aiki lafiya lau, hanyarsa zuwa Kano ita ce Gombe, Bauchi, Kuru, Kafanchan, Kaduna, Zariya, Kano. Kusan ninki biyu ke nan na hanyar mota ta Dukku da Darazo. Babu ɗan kasuwar da zai yi wannan zagayen. Saboda haka lissafinka na Maraɗi shi ne mota zuwa Kano, jirgi daga can in Allah ya nuna mana. Kada ka sauya tsarin kasuwarka saboda sanarwar rediyo, bari sai ka ji an fara sayar da tikiti, an kuma faɗi nawa ake ɗaukar buhu.

Ziyarar ƙanenka ita ce jirgi zai yi maka rana a yanzu. Za ka bi mota daga Gombe ta Kaltungo da Numan zuwa Yola, ka ƙetare iyaka zuwa Garwa, daga Garwa ka hau tudu zuwa Ngaundere, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba. A nan dogon Kamaru ya ƙare tun 1974, kuma daga nan jirgin dare na kamfanin Camrail yake tashi zuwa Yawunde, kimanin kilomita 620. Da daddare yake tafiya, a wayi gari a can. Ba jirgin ƙetare iyaka ba ne, amma ya ɗauke maka mafi wahalar hanyar.

In aljihu ya yarda, ka nemi ɗakin kwana. Akwai mai gado biyu akwai mai huɗu, gado sama gado ƙasa, da ƙofar da ake rufewa. Bayan su akwai kujerun aji na ɗaya da na biyu, na biyun ya fi araha amma kwana zaune cikin cunkoso da kaya ba na mai shekaru ba ne. Ka je tasha da wuri, da safe in zai yiwu ko ma kwana ɗaya kafin tafiya, don gadajen suna ƙarewa, kuma ka riƙe fasfonka a hannu don da shi za a yanka maka tikiti. Ngaundere a kan tudu take, dare yana da sanyi, ka ɗauki abin rufa. Da Fulatanci za ka yi komai a garin, Hausa ma tana ci a kasuwa da tasha, sai jirgi ya gangara kudu sannan Faransanci ya karɓe. A tashoshin hanya irin su Ngaundal da Belabo, ko tsakar dare ne za ka ji mata da yara suna bin tagogi da tire a ka, ana miƙo zuma a gora da ayaba da ƙullin rogo a ganye, ciniki cikin gaggawa kafin a busa usur. Ka tanadi canji ƙanana, don mai tire ba za ta samo maka canjin babbar takarda ba kafin jirgi ya motsa. Ka yi alwala ka haɗa Magariba da Isha'i kafin ka hau, Asuba ce za ta same ka a ciki. Layin guda ɗaya ne, jirgi yakan tsaya a wata tasha ya jira wani ya wuce, don haka ka gaya wa ƙanenka kada ya fito tarbarka sai ka kira shi, kuma kada ka ɗaura wani alkawari a safiyar isarka.

Takardu: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka takardar da kake shiga Maraɗi da ita ba ita ce abin dogaro ba. Ka tafi da fasfo mai sauran wa'adi, da katin allurar shawara, ka kuma tabbata an buga maka hatimin shiga a kan iyaka, don ana iya tambayarsa a hanya ko a cikin jirgi, kuma shi za a nema ranar fitowa. Agogonka ba sai ka taɓa shi ba, lokacinmu ɗaya da Kamaru da Nijar. Kuɗi ne wurin da mutane suke tuntuɓe. Sefar da ta rage maka daga Maraɗi ta Afirka ta Yamma ce, ta Kamaru ta Afirka ta Tsakiya ce. Darajarsu ɗaya amma takardun daban ne, bankunan da suke buga su ma daban, kuma mai sayar da tikiti a Ngaundere ba zai karɓi ta Maraɗi ba. Ka canza a Yola ko a Garwa, ka gaya wa ɗan canji a fili cewa ta Kamaru kake so.